Madubin Aika Saƙo da Lissafin Juyi: Yadda Hannu da Yawa Ke Rubuta Muƙala Guda

Muƙalar Wikipedia ba ta da marubuci guda. Wani ya kafa ta da layi biyar, wani ya zo bayan shekara uku ya ƙara mata tarihi, wani ya gyara lissafi, wani kuma bai taɓa komai ba sai waƙafi da aya. Haka aikin yake tafiya tun da Jimmy Wales da Larry Sanger suka buɗe shafin a ranar 15 ga Janairu, 2001. Ƙa'idoji uku ne ke riƙe da shi. Kada muƙala ta ɗauki ɓangare. Duk abin da aka faɗa ya kasance yana da madogara wadda mai karatu zai iya zuwa ya duba da kansa. Sannan kada edita ya shigo da binciken kansa wanda ba a taɓa wallafawa ba. Kowace muƙala tana da shafin tarihi, inda ake ganin wanda ya sauya abu da lokacin da ya sauya shi, tana kuma da shafin tattaunawa, inda editoci ke zama su warware saɓani.

Hausawa na cewa hannu da yawa maganin ƙazamar miya. A kan fannoni da dama maganar ta tabbata a Wikipedia. Amma akwai fannoni biyu da ke nuna inda yawan hannu yake gyara da kuma inda yake ɓatawa: muƙalun na'urorin aika saƙo da haske, da muƙalun lissafin juyi. A ido suna nesa da juna. Na farko tarihin sojoji da masu awon ƙasa ne, na biyu lissafi ne tsantsa. Sai dai madubi ya haɗa su, kuma matsalar da kowannensu ke jefa editoci a ciki ta bambanta da ta ɗayan.

Kafin zuwan wayar tangaraho, saƙo mafi sauri shi ne wanda ido ke gani daga nesa. A Faransa, Claude Chappe ya kafa jerin hasumiyoyi, kowace da doguwar sanda a samanta mai ɗauke da hannuwa biyu da ake karkatawa. Ma'aikaci yana duba hasumiyar da ke bayansa da madubin hangen nesa, ya kwaikwayi siffar da ya gani, na gaba ya ɗauka daga wurinsa. Layin farko, daga Paris zuwa Lille, mai tsawon kimanin kilomita 230, ya fara aiki a 1794. Littafin alamomin da aka yi amfani da shi daga baya yana da shafi 92, kowane shafi da kalma ko jimla 92, wato 8,464 gaba ɗaya. Alama ta farko tana nuna shafi, ta biyu tana nuna layi. A wannan shekara ta 1794 Abraham Edelcrantz ya yi nasa tsarin a Suwidin da faifai goma masu buɗewa da rufewa, daga baya kuma Ingila ta ɗauki tsarin Lord George Murray mai faifai shida.

Madubi ya shigo ta hannun masanin lissafi. A 1821 Carl Friedrich Gauss, yana aikin awon ƙasar Hanover a Jamus, ya ƙera wata na'ura da ke haska hasken rana zuwa wani tsauni mai nisa, domin mai awo ya sami wurin da zai saita na'urarsa. Ana kiranta heliyotrof. Heliyograf kuwa, wato madubin da ake aika saƙon Morse da walƙiyarsa, an fi danganta shi da Henry Christopher Mance, ma'aikacin tangaraho na Birtaniya, wanda ya ƙera shi a Karachi a 1869. Sojojin Birtaniya sun yi aiki da shi a yaƙin Afganistan na 1878 zuwa 1880, da yaƙin Zulu na 1879, da yaƙin Boer na 1899 zuwa 1902, inda garuruwan da aka yi wa ƙawanya kamar Ladysmith suka riƙa magana da na waje ta madubi. A Amurka, Janar Nelson Miles ya shimfiɗa tashoshin madubi a Arizona da New Mexico a 1886 lokacin farautar Geronimo, wani jagoran yaƙi na 'yan asalin yankin. A ranar 17 ga Satumba, 1894, sojojin sadarwa na Amurka sun aika saƙo tsakanin tsaunin Ellen a Utah da tsaunin Uncompahgre a Colorado, tazarar mil 183, kusan kilomita 295. A heliyograf na Birtaniya maɓalli ne ke ɗan karkata madubin sama da ƙasa. Na Amurka madubin yana tsaye, wani marufi a gabansa ne ke buɗewa da rufewa. Inda babu rana sai fitila, kuma jiragen ruwa na yaƙi har yau suna riƙe da fitilar sigina irin wadda ke ɗauke da sunan Aldis.

Waɗannan bayanai suna da tushe a rahotannin sojoji da littattafan koyar da ma'aikata na wancan zamani. Wahalar edita tana farawa ne daga abin da ya gabace su. Littattafai da yawa sun rubuta cewa a yaƙin Marathon, shekara 490 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), an haska wa Farisawa garkuwa mai ƙyalli domin a ba su labari, don haka heliyograf ya samo asali daga tsohuwar Girka. Wanda ya koma wurin Herodotus, marubucin tarihi na tsohuwar Girka, inda labarin ya fito, zai tarar cewa abin da ya ce shi ne an ɗaga garkuwa a matsayin alama. Maganar walƙiyar rana ƙari ne na mutanen baya. Haka ma labarin cewa Sarki Tiberius yana mulkin Rum daga tsibirin Capri da saƙonnin madubi: ana yawan maimaita shi, amma hujjar da ke ƙarƙashinsa ba ta da ƙarfi.

A nan ƙa'idar madogara tana iya juyowa ta zama tarko. Editan da ke son labarin garkuwa ya zauna zai iya kawo littafi biyar da suka faɗe shi, duk bugaggu, duk da sunan marubuci. Bisa zahirin ƙa'ida yana da hujja. Sai an bi sawu ake gane cewa biyar ɗin daga juna suka kwafa, kuma babu wanda ya duba asali. Wani abin da ya fi wannan muni shi ne idan ɗan jarida ya ɗauki magana daga Wikipedia ya buga ba tare da ya ce daga nan ya ɗauko ba, sai wani edita ya zo ya kafa hujja da wannan jarida a kan maganar da tun farko ba ta da tushe balle makama. Maganin da ya fi aiki shi ne auna nauyin madogara maimakon ƙirga yawanta. Masanin tarihin Girka da ya zauna ya nazarci nassin ya fi marubucin littafin nishaɗi goma. Muƙala mai kyau ba ta share labarin garkuwa kwata-kwata, domin mai karatu zai ci karo da shi a wani wuri; tana faɗin cewa ana yawan ba da shi, ta faɗi abin da Herodotus ya rubuta, ta bar mai karatu da sanin bambancin.

Sai kuma rigimar wane ne na farko. Kowace ƙasa tana da gwarzonta, kuma editoci mutane ne masu ƙasa. Chappe ko Edelcrantz, Gauss ko Mance. Yawancin wannan ja-in-ja yana mutuwa da zarar an fayyace tambayar: na farko da ya yi tunani, ko na farko da ya ƙera, ko na farko da gwamnati ta karɓi nasa ta yi aiki da shi? Irin wannan zumuɗi ne ke sa a kira damfarar da wasu 'yan'uwa biyu masu suna Blanc suka yi a Bordeaux tsakanin 1834 da 1836, inda suka ba ma'aikacin hasumiya cin hanci ya riƙa cusa alamar farashin hannun jari cikin saƙon gwamnati, da sunan kutsen kwamfuta na farko a duniya. Labarin gaskiya ne, laƙabin kuwa ado ne na 'yan jarida, kuma wurinsa a muƙala shi ne a ce wasu sun kira shi haka. Akwai kuma ƙaramin aiki na raba suna, domin kalmar heliyograf ana kiran na'urar auna tsawon hasken rana da ita, tana kuma kusa da sunan da Niépce ya ba hanyarsa ta ɗaukar hoto; shafin rarrabewa ne ke kai kowane mai nema inda yake so.

Wanda zai bayyana yadda heliyograf ke aiki dole ya taɓa lissafi. Fuskar madubi tana bukatar ta kalli daidai tsakiyar kusurwar da ke tsakanin rana da wurin da ake aika saƙo. Idan aka juya madubi da digiri ɗaya, hasken da ke fita daga cikinsa yana juyawa da digiri biyu. Faɗin rana a sama kimanin rabin digiri ne, don haka hasken yana bazuwa kimanin mita tara a kowace kilomita. Wanda ke wajen wannan siririyar hanya ba ya ganin komai, abin da ya sa sojoji suka so na'urar don sirri. Rana kuma tana tafiyar digiri 15 a awa, wato tana gusawa gwargwadon faɗinta cikin minti biyu kacal, shi ya sa ma'aikaci ba ya rabuwa da murɗa noti yana bin ta. Idan rana tana bayan mai aikawa, sai a kafa madubi na biyu ya karɓi hasken ya miƙa wa na farko.

Wannan madubi na biyu shi ne ƙofar shiga ɗaya fannin. A lissafi, haskawa sau biyu a jere, daga madubi zuwa madubi, daidai take da juyi guda, kuma girman juyin ninki biyu ne na kusurwar da ke tsakanin madubin biyu. Daga nan ne rabin kusurwa ke fitowa a cikin manyan ƙa'idojin juyi, abin da ke ɗaure wa ɗalibai kai idan an ba su shi ba tare da dalili ba.

Leonhard Euler ya tabbatar a 1775 cewa duk yadda aka jujjuya abu mai ƙarfi alhali wani ɗigo nasa yana nan a wurinsa, sakamakon daidai yake da juyi guda a kan layi guda. Ana iya bayyana kowane juyi da lambobi uku. Matsalar ita ce jerin juyi yana da muhimmanci. Mai karatu ya ɗauki littafi ya kwantar, ya juya shi kwata zuwa gaba, sannan kwata zuwa dama, ya lura da yadda ya tsaya. Ya maido shi ya fara da dama sannan gaba. Littafin ba zai tsaya iri ɗaya ba. Saboda haka faɗin kusurwa uku bai isa ba sai an faɗi jerinsu. Jerin da ake da su goma sha biyu ne, kuma kowane ana iya karanta shi ta hanya biyu, ko layukan juyin suna tafiya tare da abin da ake juyawa ko suna tsaye a wuri ɗaya. Hanya 24 ke nan na rubuta abu ɗaya. Masana sararin samaniya suna da tasu al'ada, injiniyoyin jirgin sama suna da tasu, masu zanen kwamfuta suna da tasu.

Bayan waɗannan kusurwoyi uku, da ake kira kusurwoyin Euler, akwai jadawalin lambobi tara, uku a kwance uku a tsaye, wanda sharuɗɗa shida suka ɗaure har ya rage lambobi uku masu 'yanci. Akwai ƙa'idar Olinde Rodrigues, Bafaranshen da ya wallafa yadda ake haɗa juyi biyu a 1840. Akwai kuma kwataniyon, lambobi masu sassa huɗu da William Rowan Hamilton ya gano a ranar 16 ga Oktoba, 1843, yana tafiya kusa da gadar Broom a Dublin. Ko a nan rigimar na farko ba ta bar editoci ba. Rodrigues ya riga Hamilton da shekara uku a kan abin da ya shafi juyi, kuma wani masani mai suna Simon Altmann ya yi rubutu a shekarun 1980 yana nuna yadda aka tauye masa haƙƙi. Gauss ɗin nan mai madubin Hanover ya bar rubutu a kan wannan lissafi tun wajen 1819, wanda ba a buga ba sai 1900.

Kuskuren da ke shiga muƙalun juyi ya sha bamban da na tarihi, kuma ya fi shi ɓuya. A tarihi, wani yana da gaskiya wani ba shi da ita. A nan kuwa editoci biyu suna iya kasancewa kowa da gaskiyarsa, muƙalar da suka haɗa kuma ta fito ba daidai ba. Ana iya kallon juyi a matsayin abu ne ya juya ma'auni na tsaye, ko kuma ma'auni ne ya juya abu na tsaye. Jadawalin biyu kusan iri ɗaya ne, alamar ragi ce kawai ke sauya wuri. Edita ya buɗe muƙala, ya ga alamar ragi a sama, littafin da ya yi karatu da shi kuma a ƙasa ya sa ta, sai ya mayar da ita ƙasa da zuciya ɗaya, har da madogara. Bai san ƙa'idoji shida da ke biye an gina su a kan ɗaya al'adar ba. Yanzu sashe na biyu yana ƙaryata sashe na biyar, kuma babu jimla guda da za a nuna a ce ita ce ƙarya. Haka abin yake ga rubuta lambobi a tsaye ko a kwance, da tsarin hannun dama ko na hagu, da sanya sashen farko na kwataniyon a gaba ko a ƙarshe. Har ƙa'idar ninkawa ta rabu biyu: a sassan kwataniyon da ake kira i da j da k, a wurin Hamilton i sau j yana ba da k, a wata al'ada ta injiniyoyin kumbo da ake dangantawa da cibiyar JPL ta Amurka kuwa yana ba da k mai alamar ragi.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tun da Ken Shoemake ya gabatar da amfani da kwataniyon wajen motsa hotunan kwamfuta a 1985, lissafin juyi ya zama kayan aikin yau da kullum na masu rubuta manhajar wasanni, da mutum-mutumi, da jirage marasa matuƙi, da na'urar da ke sa waya ta san an karkata ta. Da yawansu suna kwafar ƙa'ida daga kundin sani kai tsaye zuwa cikin manhaja. Idan rabin ƙa'idar daga wannan al'ada take rabi daga waccan, na'ura za ta juya ta inda ba a nufa ba, kuma mai neman dalilin zai daɗe bai zargi muƙalar ba.

Wani wurin da bayani ke zamewa shi ne batun kullewar zobe. Idan kusurwar tsakiya ta kai digiri 90 a jerin da jiragen sama ke amfani da shi, layin farko da na uku suna haɗewa, sai hanya ɗaya ta juyi ta ɓace daga lissafin. Na'urar sanin alkibla ta kumbon Apollo tana da zobba uku kacal, don haka dole matuƙa su guji wasu karkata. Editan da bai kula ba zai rubuta cewa jirgin ne ke kasa juyawa. Jirgin yana juyawa yadda ya so. Zobban da kusurwoyi ukun ne ke kasa bin sa.

Kayan aikin Wikipedia na kwantar da rigima suna taimakawa, amma da iyaka. A Wikipedia ta Turanci, wanda ya soke gyaran wasu fiye da sau uku cikin awa 24 a muƙala ɗaya ana iya dakatar da shi, masu gudanarwa kuma suna iya kulle shafi na ɗan lokaci. Wannan yana tsayar da faɗa, ba ya nuna inda alamar ragi ta dace. Ƙa'idar hana binciken kai ma tana da wuyar aiwatarwa a lissafi. An yarda da ɗan lissafi mai sauƙi, kamar mayar da mil zuwa kilomita, amma mayar da ƙa'ida daga wata al'ada zuwa wata yana kan iyaka, kuma sau da yawa shi ne kawai hanyar da muƙala za ta daidaita. Abin da ke aiki shi ne editoci su zauna a shafin tattaunawa su zaɓi al'ada guda, a rubuta ta ɓaro-ɓaro a farkon muƙala, a ambaci sauran a sashe na daban tare da yadda ake komawa daga wannan zuwa waccan, sannan a saka misali da lambobi, kamar juya ɗigo ɗaya da digiri 90, wanda kowa zai iya gwadawa da biro. Misali irin wannan ya fi doguwar muhawara kare muƙala, domin duk wanda ya matsar da alama zai ga misalin ya daina fita daidai.

A 2005 mujallar Nature ta sa masana suka duba muƙalu a kan batutuwa 42 na kimiyya daga Wikipedia da kundin sani na Britannica ba tare da sun san daga ina kowace ta fito ba. An sami kurakurai 162 a na Wikipedia, 123 a na Britannica, manyan kurakurai kuma huɗu-huɗu. Britannica ta ƙi amincewa da binciken. Ko ma yaya aka ɗauke shi, ƙirga kurakurai jimla-jimla ba ya kama irin ciwon muƙalun juyi, inda kowace jimla daidai take amma ba su jitu da juna ba. Hannu da yawa sun fi ƙarfi wajen tono tsohon rahoton soja da ke kwance a rumbun littattafai na intanet, da kama kwanan wata da aka rubuta ba daidai ba, da hana kishin ƙasa ya mamaye tarihi. Suna da rauni a wurin da ake bukatar mutum ɗaya ya karanta muƙala daga farko har ƙarshe yana riƙe da zare guda a kansa. Wannan aiki ba shi da farin jini, ba ya ƙara wa muƙala tsawo, amma shi ne ke bambanta muƙalar lissafi da za a dogara da ita da wadda ba za a dogara da ita ba.

Batun ya shafi editocin Wikipedia ta Hausa kai tsaye, domin muƙalun kimiyya da yawa ta hanyar fassara suke shigowa. Mai fassara yana gadon duk abin da ke cikin asali, har da labarin da ba shi da tushe da alamar da aka matsar, sannan yana ƙara nasa nauyin na zaɓen kalmomi, inda edita ɗaya zai kira abu da suna kaza, wani ya kira shi da wani suna a muƙalar da ke maƙwabtaka. Wanda zai fassara muƙalar heliyograf ko ta kusurwoyin Euler ya fara leƙa shafin tattaunawa na asalin ya ga inda aka yi saɓani, ya buɗe madogarar ya tabbatar ta faɗi abin da aka ce ta faɗa, ya rubuta al'adar lissafin da ya bi a sakin layi na farko, sannan ya gwada kowace ƙa'ida da lambobi kafin ya wallafa.